Ƙwaya Ɗaya, Magani Biyu: Sharuɗɗan Shan Haɗaɗɗen Maganin Ciwon Sukari

Daga cikin cututtukan da suka yawaita tsakanin manyan mutane a wannan zamani, har ya zamana da wuya ka shiga gida mai yawan jama'a a Kano ko Zariya ko Damagaram ba ka tarar da wani dattijo ko wata dattijuwa da aka hana wa shayi da sukari ba, babu wadda take bukatar haƙuri da tartibi kamar ciwon sukari, domin cuta ce wadda ba a shan maganinta na mako guda a huta, sai dai a zauna da ita zaman shekaru, ana lallaɓa ta safe da yamma. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manyan mutane miliyan 537 ne ke ɗauke da ita a faɗin duniya, miliyan 24 daga cikinsu a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kuma fiye da rabin waɗannan na Afirka ba su ma san suna da ita ba. Waɗanda Allah ya sa suka sani, mafi yawansu nau'i na biyu ne ke damunsu, wato wanda ke kama mutum bayan ya girma, wanda kuma ake fara yi masa magani da ƙwayoyin haɗiya kafin a kai ga allura.

A 'yan shekarun nan da yawa daga cikin waɗannan majinyata sun koma gida daga asibiti da ƙwaya guda ɗaya a maimakon biyun da suka saba sha, likita ya ce musu an haɗa musu magungunan ne wuri ɗaya don a rage musu wahala. Wannan sauƙi ne na haƙiƙa, kuma ba ni da nufin in rage masa daraja ko kaɗan. Amma abin da ido ke gani ƙwaya ɗaya, a cikin jiki magani biyu ne, kowanne da aikinsa, da sharuɗɗansa, da irin ranar da yake juyewa ya zama cuta. Wanda kuwa bai san sunayen biyun nan da miƙdarin kowannensu ba, to a cikin duhu yake shan maganinsa, ko da bai taɓa tsallake lokaci ba.

Dalilin da ya sa ɗaya ba ya isa

A bayan tumbin ɗan Adam akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ke fitar da sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne ya shigar da sukarin da ke yawo cikin jini zuwa tsoka da sauran sassan jiki don su samu abin aiki. A nau'i na biyu ɓarna biyu ce ke haɗuwa: jiki ya daina jin maganar insulin yadda ya kamata, ita kuma fankiriyas, saboda dogon ƙoƙarin cike giɓin, sai ƙarfinta ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Babban binciken da aka fara a Ingila a 1977, aka bayyana sakamakonsa a ƙarshen shekarun 1990, ya nuna cewa bayan shekara uku da gano cutar, kusan rabin majinyata ne kawai magani guda ke iya riƙe musu sukari a inda ake so, bayan shekara tara kuwa sai wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka idan likita ya ƙara wa mutum magani na biyu, kada ya ɗauka tuhumarsa ake yi da sakaci, kada kuma danginsa su ɗauka ajali ne ya matso. Ɗabi'ar cutar ke nan.

Maganin da kusan kowane haɗi ke ginuwa a kansa shi ne metfomin, wanda aka fi sani a kantunanmu da sunan Glucophage. Asalinsa daga binciken wani tsiro ne da mutanen Turai suka daɗe suna magani da shi, kuma wani likita Bafaranshe, Jean Sterne, shi ne ya bayyana amfaninsa ga masu ciwon sukari a 1957, ko da yake Amurka ba ta fara sayar da shi ba sai 1995, saboda tsoron da wani ɗan'uwansa mai suna fenfomin ya jefa wa mutane kafin a janye shi daga kasuwa a ƙarshen shekarun 1970. Aikin metfomin shi ne ya hana hanta zubo sukari fiye da kima cikin jini, ya kuma taimaki jiki ya ji insulin. Shi kaɗai da wuya ya kayar da sukari ƙasa da haddi, ba ya sa ƙiba, ga shi da araha.

Abokin haɗinsa mafi daɗewa dangin salfonilyuriya ne, wato gilibenkilamaid da ake sayarwa da sunan Daonil, da gilimefiraid mai suna Amaryl, da gilikilazaid mai suna Diamicron. Tarihin wannan dangi abin tadabburi ne. A shekarar 1942, a birnin Mamfeliye na Faransa, wani likita mai suna Marcel Janbon yana gwada wani sabon magani a kan masu zazzaɓin taifot, sai ya ga waɗansunsu suna jijjiga suna suma, har aka rasa rayuka, bincike kuma ya nuna sukarin jininsu ne ya faɗi warwas. Daga nan abokin aikinsa Auguste Loubatières ya tabbatar cewa maganin fankiriyas yake matsa wa ta fitar da insulin. Ashe ke nan illar maganin ce ta tona asirin fa'idarsa, kuma illar nan tana nan tare da shi har yau, domin yana sa a fitar da insulin ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba.

Daga baya sababbi suka zo. Akwai dangin sitagiliftin da bildagiliftin, waɗanda ke ƙarfafa wasu sinadaran hanji masu tunzura insulin a lokacin da sukari ya hau kawai, shi ya sa ba su cika kayar da shi ba. Akwai kuma dangin dafagilifulozin da emfagilifulozin, masu sa ƙoda ta zubar da rarar sukari ta fitsari, waɗanda aka tabbatar suna kare zuciya da ƙoda ga waɗanda suka dace da su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an sami kamfanin da ya curo shi da metfomin a ƙwaya guda: Glucovance, wanda aka amince da shi a Amurka a 2000, metfomin ne da gilibenkilamaid, Janumet, na 2007, metfomin ne da sitagiliftin, Galvus Met metfomin ne da bildagiliftin, Xigduo da Synjardy kuwa metfomin ne da masu zubar da sukari ta fitsari.

Fa'idar haɗin a fili take ga duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa da ke shan na hawan jini kala biyu, da na kitsen jini, da na ciwon gwiwa, sannan a ɗora mata na sukari kala biyu: duk ƙwayar da aka rage mata an rage mata hanyar mantuwa. Amma haɗin kamar shanun huɗa biyu ne da aka ɗaure a karkiya ɗaya, ba ka iya tsayar da ɗaya ka bar ɗaya yana tafiya. Ranar da jiki ya bukaci a rage ɗaya a bar ɗaya, ƙwayar ba ta da wannan dabara. Shi ya sa likitoci masu lura suka fi son su fara da magungunan a rarrabe, su daidaita miƙdarin kowanne, sai al'amari ya zauna sannan su mayar da majinyaci kan haɗaɗɗen da ya yi daidai da abin da yake sha.

Lambobi biyun da ke jikin kwali

Kowane haɗaɗɗen magani yana da lambobi biyu a jikin kwalinsa, da 'yar sanda a tsakaninsu: 500/5, ko 500/2.5, ko 50/500, ko 50/1000. Waɗannan su ne miligiram na kowane ɗaya daga cikin magungunan biyu, kuma suna ɗaya na iya zuwa da lambobi iri uku. Wanda aka rubuta wa 50/500 ya je kemis aka ba shi 50/1000 saboda shi ne ke akwai, ya ninka metfomin ɗinsa bai sani ba, alhali sunan da ke kan kwalin bai sake ba, launinsa ma wataƙila da kaɗan ya bambanta.

Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne tara tsoho da sabo. Ɗauki misalin da masu haɗa magunguna ke cin karo da shi a tagar ba da magani: dattijo ya zo da ɗansa, ana yi masa tambaya, sai aka ce ya juye baƙar ledar da ke hannunsa a kan tebur. Ga katin Daonil an ɓalle rabinsa, ga Glucophage, ga sabon kwalin Glucovance da aka rubuta masa a watan da ya wuce.

"Baba, wanne kuke sha a cikin waɗannan?"

"Duka mana, ɗana. Wannan likitan farko ne ya ɗora ni a kai, ya ce kada in kuskura in bari. Wannan kuma sabon likita ne ya ƙara mini."

"Ai ba ƙari ba ne, Baba, musanya ce. Waɗannan biyun su ne a cikin wannan ɗayan."

Dattijon bai yi laifin komai ba, biyayya ya yi wa likitoci biyu a lokaci guda, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa daga yau ka ajiye waɗancan. Ga shi yana shan gilibenkilamaid ninki biyu, metfomin ɗinsa kuma yana iya haura miligiram 2,000 ɗin da galibin likitoci ke tsayawa a kai ko su ɗara kaɗan a yini. A ganina nauyin wannan yana wuyan mai rubutawa da mai bayarwa kafin ya hau wuyan mai sha, kuma maganinsa ba ya cin ko kwabo: duk ranar zuwa asibiti majinyaci ya tafi da ledarsa gaba ɗaya, har da na gargajiya, ya kuma roƙi a rubuta masa sunayen magungunan biyu da lambobinsu a takarda guda da zai riƙa ajiyewa a aljihu.

Akwai kuma waɗanda aka rubuta XR ko SR a gaban sunansu, alamar an yi su ne su riƙa narkewa sannu a hankali tsawon yini. Irin waɗannan ba a tauna su, ba a daka su a zuba a kunu don tsoho ya ji sauƙin haɗiya, domin yin haka yana sakin na yini guda a sa'a guda.

Faɗuwar sukari

Jama'a sun san tsoron hawan sukari, amma kaɗan ne suka san cewa faɗuwarsa ta fi saurin kisa. Hawan sukari ɓarnarsa a hankali take, shekaru take ɗauka tana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Faɗuwarsa kuwa tsakanin hantsi da azahar tana iya kai mutum ga suma, domin ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata a take da shi take aiki. Haddin da likitoci suka yi ittifaƙi a kansa shi ne 70 a ma'aunin miligiram, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin da wasu na'urorin auna sukari ke nunawa, kuma wajibi ne mai na'ura ya san da wane ma'auni tasa ke magana.

Duk haɗin da ke da gilibenkilamaid ko gilimefiraid ko gilikilazaid a cikinsa an gina shi ne bisa zaton cewa abinci na biye da shi. Ɗan kasuwar da ya haɗiye ƙwayarsa bayan asuba da nufin zai karya a rumfa, sai ciniki ya ɗauke masa hankali. Manomin da ya sha ya wuce gona da ruwa kawai a cikinsa. Matar da aka yi rasuwa a gidansu ta yini ba ta sa komai a baki ba amma ba ta manta da maganinta ba: dukansu sun cika rabin sharaɗi sun bar rabi. Alamun farko su ne rawar jiki, da zufa mai sanyi, da bugun zuciya, da yunwa mai tsanani, da jiri. Idan aka wuce nan sai magana ta fara sarƙewa, mutum ya riƙa faɗa ba dalili ko ya zura ido bai gane na gabansa ba, har wani lokaci ɓarin jikinsa ya saki. A nan ne iyali kan ce iska ce ta taɓa shi ko shanyewar ɓarin jiki ce, a tsaya tofi da hayaƙi, alhali abin da yake bukata yana cikin gwangwanin shayi. Addu'a alheri ce a kowane hali, amma a yi ta ana dama sukarin.

Muddin yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi kimanin giram 15 na sukari, wato ƙaramin cokali huɗu a cikin ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai sukari, a jira minti 15 a sake aunawa, idan bai tashi ba a maimaita, idan ya tashi a bi shi da abinci mai riƙe ciki. Idan kuwa ya suma, haramun ne a ɗura masa komai a baki, don kada ya wuce masa huhu. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti, a kuma tafi da kwalin maganin. Abin da ya kamata iyali su riƙe shi ne gilibenkilamaid yana daɗewa a jiki, sukarin da ya tashi da la'asar yana iya sake faɗuwa cikin dare, har washegari ma, saboda haka farfaɗowa ba ta nufin an tsira. Wannan ne dalilin da Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin muhimman magungunanta, ta bayyana cewa gilibenkilamaid bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ta gabatar da gilikilazaid a kansa. Duk dattijon da har yanzu yake kan haɗin da ke da shi, haƙƙinsa ne ya tambayi likitansa ko akwai abin da ya fi.

Ƙoda, da ranakun rashin lafiya

Metfomin ta ƙoda yake fita daga jiki, kuma ciwon sukari da hawan jini su ne manyan masu raunana ƙoda, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Idan ƙoda ta gaza, maganin sai ya taru, kuma a wasu lokuta, ko da yake ba su da yawa, yakan haifar da wani tsami a cikin jini mai haɗarin gaske, wanda alamunsa su ne kasala mai tsanani, da ciwon tsoka, da amai, da numfashi sama-sama. Akwai awon jini da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Idan lambar ta sauka ƙasa da 45 ana sake duba miƙdari, idan ta sauka ƙasa da 30 ana dakatar da metfomin ɗungurungum. Awon nan sau ɗaya a shekara shi ne mafi ƙaranci, kuma mutum ya shekara biyar yana sayen magani da tsohuwar takarda ba a taɓa duba ƙodarsa ba, wannan ganganci ne babba.

Ƙoda mai lafiya ma tana iya tsayawa na ɗan lokaci idan ruwan jiki ya ƙare. A ƙasar da amai da gudawa ke zuwa da damina, zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da mutum ba ci ba sha, zafin bazara kuma ke haura digiri 40, wannan ba lamari ne na nesa ba. Ƙa'idar da likitoci ke koyarwa ita ce, ranar da mutum yake amai ko gudawa, ko ya kasa ci da sha, ya dakatar da haɗin da ke da metfomin ko mai zubar da sukari ta fitsari ko salfonilyuriya, ya yawaita shan ruwa da auna sukari, ya nemi likita a ranar, kada ya koma kan maganin sai ya yini ɗaya ko biyu yana ci yana sha kamar yadda ya saba. Haka nan wanda za a yi wa hoton da ake ɗura masa ruwan rini a jijiya, ko za a shiga da shi tiyata, lalle ne ya faɗi abin da yake sha tun kafin a tambaye shi. Masu zubar da sukari ta fitsari ana dakatar da su kwana uku kafin tiyata, domin suna iya kawo wani nau'in tsamin jini alhali na'ura na nuna sukari daidai. Su ɗin ne kuma ke jawo ƙaiƙayin gaba ga maza da mata, abin da kunya ke hana mutane faɗa, ga shi kuwa maganinsa mai sauƙi ne.

Murɗar ciki da zawo da ɗanɗanon ƙarfe a baki da metfomin ke kawowa a makonnin farko galibi sukan wuce, musamman idan ana shansa a tsakiyar abinci. Wanda ya daɗe a kansa shekaru kuwa yana iya rasa sinadarin bitamin B12, ya riƙa jin ƙafafunsa na dindiris, a ɗauka ciwon sukarin ne ya ci jijiya, alhali awo ɗaya zai bambance.

Abin da ake sha tare da shi

Magungunan da mutane ke saya ba takarda suna da hannu a cikin wannan al'amari fiye da yadda ake zato. Septrin da filukonazol da sifurofulokzasin suna iya ƙara wa salfonilyuriya ƙarfi har sukari ya faɗi, kwinin ma da kansa yana kayar da sukari. Rifamfisin na masu tarin fuka akasin haka yake yi, yana rage wa salfonilyuriya ƙarfi. Dolutegirabir, wanda ke cikin maganin da mafi yawan masu cutar ƙanjamau ke karɓa a yau, yana ƙara yawan metfomin a jini, shi ya sa ake taƙaita miƙdarinsa ga mai shan su tare. Dikulofenak da ibufurofen da ake sha kamar gyaɗa saboda ciwon jiki suna takura ƙoda. Dekzametazon da danginsa, waɗanda wasu ke sha don su yi ƙiba, suna harba sukari sama.

Batun sassaƙe da ganyaye kuwa yana bukatar adalci. Zogale da shuwaka da hulba da garahuni abinci ne da mutanenmu suka sani tun kaka da kakanni, ba kuma wanda zai hana a ci su a matsayin abinci. Inda haɗarin yake shi ne jiƙon da ba a san miƙdarinsa ba a ɗora shi a kan ƙwaya mai kayar da sukari, ko a ajiye ƙwayar gaba ɗaya saboda mai lasifika a kasuwa ya yi rantsuwa zai warkar da cutar cikin kwana arba'in. Mafi muni shi ne garin da ake kira na gargajiya alhali an daka maganin asibiti a ciki. A Singafo, a farkon 2008, an kwantar da mutane 150 waɗanda ba su da ciwon sukari ko kaɗan saboda faɗuwar sukari mai tsanani, huɗu suka rasu, aka gano cewa magungunan ƙarfin maza na bayan fage da waɗansunsu suka sha an cuɗa su da gilibenkilamaid. Wanda yake kan haɗaɗɗen magani ya ƙara irin wannan a kai, Allah kaɗai ya san miƙdarin da ya shiga cikinsa.

Azumi

Babu lokacin da taurin haɗaɗɗiyar ƙwaya ke bayyana kamar watan Ramadan. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 na Musulmi, aka buga a 2004, ya nuna cewa kusan kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu sun azumci aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka a tsakaninsu fiye da sau bakwai a cikin watan. Shari'a ba ta bar wannan a duhu ba. Rangwamen da aka yi wa mara lafiya a Suratul Baƙara sananne ne, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Sharja a 2009, bayan ta saurari likitoci, ta karkasa masu ciwon sukari gida huɗu gwargwadon haɗarinsu, ta yanke cewa waɗanda ke cikin rukunai biyu mafiya haɗari su sha azumi, domin kiyaye rai yana daga manyan manufofin shari'a. Likita ne ke faɗin rukunin da mutum yake, malami ya faɗi hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Kowanne ya tsaya a fagensa, majinyaci ya huta da waswasi.

Wanda aka ce zai iya azumi, shawarar masana ita ce ya ga likita mako shida zuwa takwas kafin watan, wato tun cikin Rajab. Dalili kuwa shi ne, wanda ke shan salfonilyuriya sau biyu a yini, yawanci cikakken miƙdari ake mayar masa lokacin buɗa-baki, a rage na sahur ko a cire shi, alhali metfomin ɗinsa wataƙila ba ya bukatar ragi; idan kuwa su biyun suna cure a ƙwaya ɗaya, ba yadda za a rage wannan a bar wancan, sai dai a raba masa su na tsawon watan, ko a canza masa zuwa haɗin da bai cika kayar da sukari ba. Wannan ba gyaran da mutum zai yi wa kansa daren ganin wata ba ne. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi, haka malaman da suka duba mas'alar suka tabbatar, kuma idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko sama da 300, ko alamun da aka ambata suka bayyana, to a sha ruwa nan take, ko da ladan yana gyaran murya. Haka kuma a kula da buɗa-baki, don kunun da aka cika wa sukari da soye-soye da lemon kwalba suna iya rushe abin da aka yini ana ginawa.

Kasuwa da aljihu

Abin da ke cikin ƙwayar ma sai an tabbatar. Lokacin da hukumar NAFDAC ta fara tsarin nan na kankare lamba a jikin magani a aika ta saƙon waya don tantance sahihancinsa, a 2010, da Glucophage aka fara gwajin, wannan kuwa ya isa ya nuna irin yadda masu jabu suka sa wa maganin sukari ido. Ƙwayoyin da aka ƙirgo a 'yar farar leda ba suna ba lamba, mai ciwon sukari ya guje su, ya nemi kati ko kwali mai lambar rajista da ranar lalacewa. Kada kuma ya ajiye shi a aljihun mota ko kan taga, domin yawancinsu an yi su ne a ajiye a ƙasa da digiri 30.

Tsada kuwa, tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, ta sa mutane da yawa suna shan ƙwaya yau su tsallake gobe don kwali ya kai ƙarshen wata, suna jin nauyin faɗa wa likita. Gara a faɗa. Haɗaɗɗun da ke ɗauke da sunayen manyan kamfanoni sukan fi tsada nesa ba kusa ba, alhali metfomin da gilikilazaid ko gilimefiraid na kamfanoni masu rajista, a rarrabe, suna yin aiki mai kyau da kuɗi kaɗan. Maganin da mutum zai iya saya kowane wata ya fi masa wanda zai saya sau uku a shekara. Wanda kuma ya manta bai sha ba har lokacin na gaba ya yi, ya sha na lokacin kawai, kada ya haɗa biyu da sunan ramuwa.

Awon da ke nuna ko haɗin yana aiki shi ne wanda ake rubutawa HbA1c, mai bayyana matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku. Ga yawancin manya ana neman ƙasa da kashi 7, ga tsofaffi masu rauni kuwa likita kan sassauta, saboda faɗuwa ta fi yi musu illa. Mai sikila, ko mai ƙarancin jini, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, awon na iya ba da lambar da ba daidai ba a kansa, sai a dogara da awon yatsa. Mace mai shan haɗin da ta samu juna biyu, ko take niyya, ta sanar da likita da wuri, don galibi insulin ake mayar da ita. Idan kuma aka kai ga magani biyu ko uku sukari bai sauka ba, mutum yana ramewa, yana kwana fitsari da ƙishirwa, to fankiriyas ce ta gaji, kuma ƙara wata ƙwaya a kan ƙwaya ba zai maye gurbin allurar insulin ba. Da yawa akan bar musu metfomin ɗinsu, a cire salfonilyuriya ko a rage shi, a fara da allura ɗaya da dare.